Filin Tambayi Bakanike: Notin fuli ya ƙi kwancewa, a sa mashi wuta?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ruwa ya ɗauke kaka ta shigo, duk mai motar shiga ƙauye yanzu hankalinshi na kan ya tada ta kafin a fara kwasar gero da wake da gyaɗa, shi ya sa saƙonnin canjin inji suka yi yawa wannan karon. Na tsamo waɗanda suka shafi fulin gaban inji, wanda ke zaune kan karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, yana jan bel, na haɗa su wuri guda tunda amsar wani na shiga cikin ta wani. Masu tambayar giyabos da lagireto ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA, daga mai Hilux a Daura:

Salam Oga barka da aiki Allah shi ƙara basira. Ina da tsohuwar Hilux mai ogzilari injin 3RZ na fetur, da ita nike ɗaukar kaya daga Daura zuwa Mai'aduwa da Zango da ƙauyukan Baure inda rairayi ke riƙe mota, to injin ya gaji shina shan baƙin mai shina hayaƙi sai na tafi Kano na sawo wani ɗan baljiyam, shi ma 3RZ ne amma mai kayan ya ce daga bas aka ciro shi. Mun sauke tsohon, da muka jera su ƙasa sai muka ga fulin sabon bai zo daidai da na tsohon ba layin bel ɗin fawa sitiyari ya kauce. Yaran gareji suka ce sai an musanya, to tun ranar muke fama noti ya ƙi motsi, in an ja sai injin ya juya, an soka sukundireba a haƙoran filawil, babban faifan bayan inji da kik ke kamawa, haƙori guda ya ɓalle, an zuba man birki ya kwana ba labari. Yanzu wani ya ce a kira mai walda ya sa mashi wutar gas zai saki. Mi ka gani Oga? Ko dai notin hagu ne muke ta ƙara ɗaure shi ba mu sani ba?

AMSA:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara da ta ƙarshen don hankalinka ya kwanta, notin nan ba na hagu ba ne. Irin na kowa ne, in ka tsaya gaban inji kana kallon fuli hagu ake murɗa shi ya kwance, soket lamba 19. Taurin kuwa dama can haka kamfani ya so, littafin Toyota na 3RZ ya ce mai AC a ɗaure shi niyuton-mita 260, ma'ana ƙarfin kilo 26 da ɗoriya a bakin ƙarfe mai tsawon mita guda. Tsohon injin Hilux 22R ma da ake ganin mai sauƙin kai ne nashi 157 ne. Ka haɗa da shekarun da ya yi yana zafi yana hucewa, to kwance shi sai ya ci ƙarfin da ya fi na ɗaurin nesa ba kusa ba.

Batun wuta, a'a, kar ma a kira mai waldar. Ka duƙa ka kalli fulin da kyau za ka ga ƙarfe biyu ne, na ciki da ke zaune kan karanshaf da kuma zoben waje mai layin bel, tsakaninsu akwai wata baƙar roba siririya da aka matse. Aiki gare ta babba. Duk sanda fistin ya buga, karanshaf na ɗan murɗewa ya dawo, ido ba ya gani, robar nan ce ke shanye girgizar don kada ta yi ta cin ƙarfen har wata rana ya tsage. Ana kunna gas ita za ta fara tafiya, sai oyil sil da ke bayanta, mai hana baƙin mai ɗiga, ya bi, ga murfin taimin na alminiyam a manne da wurin. Garin neman gira a rasa ido kenan, tunda dai fulin kuke so ku mora. Man birkin ma asara ce kawai, kan noti da washa sun toshe hanya ba ya kaiwa ga tiredi, robar da sil kawai zai jiƙa ya lalata.

Ƙarfi kam kuna da shi tunda har kun ɓalle haƙori. Riƙo ne babu. Duk jan da kuke yi a banza yake tafiya muddin karanshaf na bin ku, in kun tare filawil da sukundireba kuma sai injin da ke zaune kan taya ya nemi kifewa, rabin ƙarfin ya tafi wurin masu danne shi.

Ga yadda za ku yi. A ƙarfen tsakiya na fulin akwai ramuka masu tiredi da noti mai soket lamba 12 ke shiga, kamfani ya bar su ne musamman don riƙe fuli da zaro shi, galibi ƙura da baƙin mai sun cike su sai an tone. Nan ne mai walda zai yi maka rana, ka sa ya yanko maka falalen ƙarfe mai kauri ko angil ayon mai ƙwari, tsawon mita guda ko ya ɗan fi, ya huda ramuka biyu daidai da na fulin, ya yanke tsakiyar yadda soket zai wuce ya kai ga babban notin. Ka ɗaure ƙarfen nan jikin fuli da noti biyu masu kyau, na jikin mota na asali, ba na kasuwa masu laushi da ake ɗaure gado da su ba, kuma ka auna tsawonsu kada su zarce ta baya su soki murfin taimin. Sai ka juya fulin har wutsiyar ƙarfen ta taɓa ƙasa ta hannunka na hagu kana fuskantar injin. Hannun soket ɗin ma ta hagun za ka sa shi, sama da ƙarfen, da fayif a jiki. Kana danna fayif ƙasa, ƙarfen na dafe da ƙasa, kamar rufe almakashi. Injin ba zai ko motsa ba don ƙarfin bai bi ta cikinshi ba, mutum ɗaya ya isa.

Soket ɗin ya zama mai kusurwa shida, mai kusurwa sha biyu shi ke cinye kan noti, in kuma kan ya cinye to kun shiga wani babin daban. In da hannu babba irin na manyan motoci a aro, ƙaramin na rabin inci sau da yawa a wuya yake karyewa in an sa mashi dogon fayif. In kun sa ƙari tsakanin soket da hannu ku tokare shi da katako ko jak ta ƙasa don kada ya sunkuya ya zame. Kuma a hankali ake sakin nauyi a kai, ban da tsalle, ban da mutum uku su rataya. Za ku ji ƙara ƙwas kamar abu ya karye, kada gabanku ya faɗi, sakinshi kenan.

In fulin sabon injin ramukanshi sun lalace, ku koma baya ku kulle filawil amma kullewa ta gaskiya, gajeren falalen ƙarfe mai rami biyu, ɗaya a ramin da ake ɗaure giyabos jikin bulok, ɗaya a ramin notin kuloci jikin filawil. Sai dai a nan dole a ɗaure injin ko a tokare shi sosai. In duk kun gaji, ku ɗora injinan biyu a bayan a-kori-kura ku kai ma masu facin tirela da ke da bindigar iska babba, ita bugu take yi da sauri ba ja ba, sau da yawa ko riƙo ba ta buƙata. Akwai masu cusa igiya ta ramin fulogi don fistin ya danne ta ya tsaya, ana yi, amma ni a noti mai taurin wannan ba na so, nauyin duka kan kon rod guda, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, yake sauka.

Haƙorin da ya ɓalle kada ka raina shi. Inji mai silinda huɗu in an kashe shi kusan wurare biyu yake yawan tsayawa, in gurbin ya faɗo daidai inda kik ke kamawa za ka riƙa jin gurrr da safe, ko a tsakiyar rairayi inda ba mai tura ka. In filawil ɗin da za ka mora ne, a canza zoben haƙoran tun injin na ƙasa.

Sannan tunda injin bas ne zai shiga mota mai ogzilari, ba fuli kaɗai ba, ka gwada batam filet, wato kaskon baƙin mai na ƙasan inji, da bututun da ke zuƙo mai daga cikinshi da kujerun inji, na gaban mota mai jan ƙafa huɗu yana da aksul da dole a kauce ma. Duk abin da ya bambanta na tsohon za ka mayar. Yadda za ka ɗaure notin in an gama kuwa ka duba amsar da na ba Alhaji a ƙasa, don ta fi wannan muhimmanci.

TAMBAYA, daga wani yaron gareji, Ƙofar Ƙwaya, Katsina:

Baba ina wuni, ni almajirin kanikanci ne ban daɗe da farawa ba. Mun kwance notin lafiya lau amma fulin ya ƙi fita kamar an yi mashi walda. Ogana ba ya nan ya yi tafiya, manyan yaran suka ce in sa liba biyu ta baya wani ya riƙa bugu da guduma ta gaba. Ni dai jikina bai ba ni ba shi ya sa na ce bari in tambaya.

AMSA:

Lafiya lau ɗana, Allah ya yi maka albarka, kuma jikin naka ya gaya maka gaskiya. Wannan tsoron ka riƙe shi, da shi ake zama bakanike.

Liba ta baya jikin me za ta dogara? Jikin murfin taimin, wanda alminiyam ne, a injina da yawa kuma famfon baƙin mai a nan yake zaune. Tsaga ɗaya ta isa mota ta riƙa ɗigar mai har abada. Guduma kuma duk bugun da ka yi ma fuli ko bakin karanshaf yana wucewa ne kai tsaye zuwa tiros washa, 'yan siraran metal ɗin da ke hana karanshaf zuwa gaba da baya. Ba za ka ga ɓarnar ranar ba, sai bayan watanni a ga fuli na leƙowa yana komawa in an taka kuloci, a rasa daga ina.

Abin zaro fuli kala biyu ne a gareji. Akwai mai ƙafa uku da ke kama baki ta waje, wannan na giya ne da boris, in ka sa shi nan zoben waje zai cizgo ya baro na ciki, robar ta yage, fuli ya tashi aiki. Wanda ya dace shi ne mai falalen ƙarfe da ake ɗaurewa da noti a waɗannan ramukan na tsakiya, da dogon sukuru a tsakiyarshi yana tura bakin karanshaf. In babu shi a garejinku ba wani abin wahala ba ne, ƙarfe mai kauri da rami uku, a yi ma na tsakiya walda da babban noti, shi kenan an ƙera.

Abu guda da yara ke mantawa, kada bakin sukurun ya shiga cikin ramin karanshaf tsirara, zai cinye tiredin da babban notin ke kamawa, kuma gyaran wannan sai an kai ma masu tona, wato masu injin sassaƙa ƙarfe. Ka mayar da babban notin ciki ya shiga zagaye da yawa amma ka bar tazara tsakanin kanshi da fuli, sai sukurun ya tura kan notin. Fuli ya matso ya taɓa, ka sassauta ka ƙara kwance notin kaɗan ka ci gaba. Noti biyun gefe su shiga daidai wa daida don ya fito a miƙe. Nan kam ɗan man feshi na tsatsa yana taimakawa tunda yanzu hanya a buɗe take.

Yana fita ka sa ido kan ki, ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke cikin tsagar karanshaf. Wani lokacin yana biyo fuli ya faɗi cikin ƙasa, garejinmu kuwa ka san rairayi ne, in ya faɗi sai an sa mayen ƙarfe. Ka shimfiɗa buhu a ƙasa tun kafin ka fara. Wurin mayarwa a goge bakin karanshaf da samfefa mai laushi, a shafa ɗan mai, tsagar fuli ta hau kan ki, a tura da hannu sai notin ya ƙarasa jawo shi. In ya tsaya a hanya to ki ne ya tashi tsaye, a fito da shi a gyara, kada a ce noti ya danne.

TAMBAYA, daga wani direba a Jibiya:

Oga ni tawa ba mu sauke injin ba tukun, Prado ce otomatik. Na ga wasu suna tokare hannun soket jikin shasi su yi ma mota kik noti ya kwance nan take. Da gaske ne ko ganganci ne? Kuma na sa ta a P, giyar fakin, na ja notin amma injin na juyawa abinshi.

AMSA:

Malam ka yi dabara da ka tambaya tun injin na cikin mota, don lokacin da ya fi dacewa a karya taurin notin nan kenan, tun batir na jone, tun mota na riƙe da injin. A sassauta shi kawai a bar shi a wurin, sauran aikin a yi a ƙasa.

P ba zai taɓa riƙe maka ba. Abin da P ke kullewa can bayan giyabos yake, tsakanin inji da giyar otomatik kuwa mai ne ke haɗa su a cikin kwanbata, ba ƙarfe da ƙarfe ba. Da mai kuloci ce sai in ce ka sa giyar sama, ta huɗu ko ta biyar, ogzilari a H ba a L ba don L ninka ƙarfin yake yi motar ta nemi tafiya, wani ya taka birki iya ƙarfinshi kai kuma ka ja. Shi ma in kulocin ya ci sai ya riƙa sulɓewa.

Dabarar kik da gaske ce, tana aiki, kuma ganganci ce in ba a bi ƙa'ida ba. Injinan nan na Toyota in kana kallonsu ta gaba dama suke juyawa, to in ka hana kan notin bin su shi kenan ya kwance kanshi. Hannun soket ko dai ya miƙe ta gefen direba ya kwanta kan shasi ko ya dafa ƙasa, ko ya miƙe ta gefen mai zaman banza ya shiga ƙarƙashin shasi. Ya riga ya taɓa wurin tun kafin a yi kik, in ka bar tazara zai zabura ya doki abin da ya samu, lagireto ko bututun birki ko ƙafar mutum. Motar kada ta iya tashi, in ta fetur ce a cire fiyus ɗin EFI, wanda ke ba injekta wuta, ko wayar koyil, in ta gas ce mai tsohon injekta famfo a cire wayar da ke buɗe mai a jikin famfon. Ba mai riƙe ƙarfen da hannu, ba mai tsayawa kusa, yaran da ke taruwa kallo a kore su. Taɓa makulli ɗaya a saki. In bai saki a taɓawa ɗaya ko biyu ba a haƙura a koma ga ƙarfen riƙo da na yi ma mai Hilux bayani, don daga nan kik da haƙoran filawil ake ci.

Kuma don Allah kada wani ya kwashi wannan ya kai kan kowace mota. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 injinsu hagu yake juyawa, in ka yi masu haka ƙara ɗaure notin za ka yi ko ka karya wani abu.

TAMBAYA, daga wani Alhaji a Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Malam barka da ƙoƙari. Land Cruiser 80 gare ni mai injin fetur silinda shida, da ita nake zuwa gona wajen Kaita da Ɗankama. An canza mata inji an mayar da fulin tsohon. Ta yi kwanaki lafiya lau, yanzu kuma sai in ga allurar baƙin mai ta faɗi ƙasa sitiyari ya yi nauyi lokaci guda, can kuma su dawo. Bakaniken ya ce wayar geji ce, famfon sitiyarin kuma dama ya tsufa. Ni dai abin da ya ɗaure mani kai mi ya haɗa su suke tafiya tare?

AMSA:

Ranka ya daɗe, tambayar da ka rufe da ita ita ce amsar. Kafin komai, kada a sake tada motar nan, in za a kai ta gareji a ja ta.

Injin naka 1FZ ne mai lita 4.5, kuma yana da wani hali da kanikawa da yawa ba su sani ba. Giyar da ke juya famfon baƙin mai tana kan karanshaf a bayan fuli, kuma matsin babban notin nan ne ke riƙe da ita ta juya tare da karanshaf. Famfon fawa sitiyari na wannan injin shi ma ba bel ke jan shi ba, giya ce, daga layin nan ɗaya suke samun juyi. To in notin bai ɗauru yadda ya kamata ba giyar sai ta riƙa sulɓewa, mai ya daina hawa, sitiyari ya yi nauyi, duka a lokaci guda. Wayar geji ba ta da hanyar da za ta sa sitiyari nauyi. Duk daƙiƙar da allurar nan ta faɗi, metal ɗinka, waɗanda karanshaf ke juyawa a kansu, a bushe suke gudu.

Notin soket lamba 30 ne, ɗaurinshi niyuton-mita 412. Wannan ba ɗaurin da yaro zai yi da hannu ya ce Oga ya ɗauru ba ne, kuma yawancin sifanar awo da ke garejojinmu ba ta ma kai nan ba. In an samu babba wadda ta kai, falillahil hamdu. In ba a samu ba akwai lissafi mai sauƙi da ya fi kintace. Mutum mai nauyin kilo 60 in ya tsaya cak kan fayif a tazarar santimita 70 daga tsakiyar notin, fayif ɗin na kwance daidai ba a karkace ba, ya ba da kusan 412 ɗin. A auna yaron a sikelin masu hatsi, a auna fayif da tef a yi alama, ya hau a hankali ya dafa mota don kada ya faɗi amma kada ya rataya nauyinshi jikinta, ban da girgiza. Inda noti ya daina tafiya nan ne. Mai Hilux na Daura, kai naka in mai AC ne 260 ne, yaron nan dai mai kilo 60 a santimita 44. Mai 22R santimita 27. Wurin ɗauri ƙarfen riƙo da hannun soket duka ta dama suke komawa. Kik ba ya ɗauri, bindigar iska kuma ba ta san awo ba, ko ta bar shi sako-sako ko ta wuce gona da iri.

Bayan an ɗaure, Alhaji, ka sa a jona gejin gwaji na hannu a ga ainihin ƙarfin man da injin ke bayarwa yana sanyi da kuma bayan ya yi zafi, a kasa kunne ko akwai ƙwanƙwasa daga ƙasa. In shiru kuma mai na hawa to Allah ya rufa asiri. In akwai ƙara, a sauke batam filet a duba metal tun karanshaf bai ci ba. Bakaniken kuma ba sai an yi faɗa ba, a nuna mashi wannan shafin ya karanta.

TAMBAYA, daga Mashi:

Oga Hilux ce mai injin gas 5L, tun da aka canza injin fulin ke rawa in tana sulo, bel na kuka. Wani ya ce a ɗan ɗiga mashi walda a huta.

AMSA:

Rawa iri biyu ce, ka fara gano wacce. Mota a kashe, ka ja layi da alli ko farin fenti daga ƙarfen tsakiya ya haye robar zuwa zoben waje. Ka yi yini kana aiki da ita ka dawo ka duba. In layin ya rabu biyu robar ce ta saki, fuli za ka canza, kuma kada ka ƙara yarda da alamar taimin da ke bakin zoben don ta riga ta gusa. In layin na nan amma fulin gaba ɗaya ke lilo, to noti ne ya saki, kuma mai yiwuwa ki ya fara cin tsagarshi. Wannan ta fi haɗari a 5L da 'yan uwanshi 2L da 3L, don giyar taimin bel na nan bayan fulin kan karanshaf ɗin, in ta samu wasa taimin ya gusa, injin gas kuwa ba shi da filin da fistin da bawul za su kauce ma juna.

Walda kuma wace iri? In zoben za a haɗe da na ciki, an kashe aikin robar, girgizar ta koma kan karanshaf. In fulin za a liƙe jikin karanshaf, to ranar canza taimin bel ko oyil sil da me za a cire? Ga wutar walda da ke iya bi ta cikin metal in an sa wayar at ta injin waldar a jikin bulok. Na san ana yi a daji don a iso gida, amma wanda ke cikin garin Mashi ba a daji yake ba. A kwance a duba, in ki ne kaɗai ya ci a sa sabo, in tsagar karanshaf ce ta buɗe sai masu tona sun gani.

TAMBAYA, daga wata Hajiya a Daura:

Malam motar gonar marigayi maigidana ce ake canza ma inji, ni ke biya. Bakanike ya ce tunda an cire fuli sai an sayi sabon oyil sil har da noti, alhali injin bai ɗigar da mai. Ba cuta ba ce kuwa?

AMSA:

Allah ya jiƙan maigida ya sa ya huta, Hajiya. Batun sil bai cuce ki ba. Injin baljiyam ya daɗe a ajiye robar ta bushe, ga shi za a sa mata wuyan wani fulin da ba wanda ta saba da shi ba, in ba a canza yanzu ba in ta fara ɗiga sai an sake kwance lagireto da fanka da bel da notin nan mai taurin kai, kuɗin aikin ya ninka kuɗin sil ɗin sau da yawa. Ki ce ya sayi mai kyau, kuma ya shafa farce a wuyan fulin, in sil ɗin da ya gabata ya yi mashi zobe mai zurfi to sabon ma zai ɗiga sai an canza fulin. Noti kuwa ki ce ya kawo maki tsohon ki gani. In kan ya cinye ko tiredin ya lalace ko an taɓa sa mashi wuta, a saya. In lafiyarshi ƙalau, tunda inji biyu ne a ƙasa noti biyu gare ku, ya zaɓi wanda ya fi kyau a ciki.